Kun Tambaya: Saiwar dandeliyon ɗin nan da ake ta talla, me ke cikinta?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan kamar kun haɗa baki, tambayoyin da suka shigo rabinsu a kan shayin saiwar dandeliyon ne, daga masu son rage tumbi har masu jinyar iyaye, shi yasa na tattara su waje guda. Wanda bai ga tasa ba ya duba ta wani, wataƙila iri ɗaya ce.

Tambaya daga wata uwargida, Unguwar Rimi:
Salam Malama ya aiki ya yara. Dan Allah maƙociyata ce ke saida wani shayi na saiwar dandeliyon wai daga waje ake kawowa, tace cike yake da antioksidan yana wanke jini yana hana tsufa da wuri, na siyi kwali ɗaya kusan kuɗin cefanen sati na kuma wlh ɗaci gareshi ba kaɗan ba. Menene ma antioksidan ɗin nan? Da gaske akwaishi a ciki ko dai kuɗina aka ci?

Amsa:
Wa alaikis salam uwargida, lafiya lau Alhamdulillah. Akwai shi a ciki kam, wannan maƙociyarki bata yi ƙarya ba, a wajen wanke jini da hana tsufa ne tallar ta zarce.

Ita dai dandeliyon ciyawa ce, masana tsirrai na ce mata Taraxacum officinale, asalinta Turai da Asiya inda ake sanyi, can kuwa barkatai take fitowa a filin ƙwallo da bakin titi da ƙofar gida har mutane na kashe kuɗi suna siyan maganin feshi dan su rabu da ita. Furenta ruwan ɗorawa ne, in ya tsufa sai ya koma farin gashi-gashi iska na kwasa, in kika karya ganyen ko saiwar wani farin ruwa ne ke tsattsafowa, saiwar kuma guda ɗaya ce doguwa mai nutsawa ƙasa. Dangin su latas ce da shuwaka, toh kinga ɗacin gado ne.

Antioksidan kuwa, kin san in an ɓare farin goro aka gutsura aka ajiye, kafin a jima wajen ya rine ya koma ja-ja? Iskar oksijin ce ta taɓa shi ta sauya shi. Irin wannan yana faruwa a jikinmu kullum, domin duk abinda muka ci sai jiki ya ƙone shi da oksijin kafin ya zama ƙarfi, a wajen ƙonewar nan wasu 'yan ɓurɓushi ke tsirgowa da ake kira firi radikal, basa zama lafiya, duk abinda suka tarar ko kitsen bangon ƙwayar halitta ne ko furotin ko ma DNA sai sun yagi wani abu a jikinsa. Hayaƙin sigari da na icce a kicin da na janareta duk suna ƙara su. Antioksidan shine duk wani sinadarin da zai tare su ya miƙa musu abinda suke nema su huce kafin suyi ɓarna. Abinda masu talla basa faɗa shine jikinki da kansa yake ƙera nasa dare da rana, akwai gilutatayon, akwai katales, akwai wani da ake taƙaita sunansa SOD, sune ke ɗauke da mafi yawan aikin. Kuma su firi radikal ɗin ba gaba ɗaya ne abokan gaba ba, fararen ƙwayoyin jininki da su suke kashe ƙwayoyin cuta.

A saiwar dandeliyon an gano asid ɗin cikorik da kilorojenik da kafeyik, waɗannan sune antioksidan ɗin da ake magana, suna cikin babban gidan da ake kira folifenol. Akwai kuma taraksasterol da ake ta bincike a kansa ta fannin kumburi, yawanci a jikin ɓeraye. Ɗacin da kike kuka da shi daga wasu sinadarai ne daban, seskwitafin lakton, irin gidan da ke sa shuwaka ɗaci. Sai inulin, wani irin zare ne na abinci da saiwar ke tarawa, in an haƙe ta farkon bazararsu bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, in kuwa da kakarsu ne yana iya kaiwa kashi 40, kenan kwali biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta sosai sosai kuma ba wanda zai rubuta miki watan da aka haƙo. Abin dariyar ma, in folifenol ake nema ganyen da furen sun fi saiwar yawansa, wani mai suna luteyolin ma a can yafi taruwa. Shi kuma kilorojenik ɗin, kofi na yau da kullum cike yake da shi. In naki shayin ruwan ƙasa ne mai duhu yana ƙamshin ƙauri-ƙauri to gasashshiyar saiwa ce, Turawa sun daɗe suna shanta a madadin kofi saboda bata hana barci, sai dai gashin yana rage wani kaso na asid ɗin nan.

Wanke jini aikin ƙoda da hanta ne, kuma babu wani gwaji a kan mutane da ya nuna shayin nan na hana tsufa. Abinda hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince a rubuta a kansa ɗan kaɗan ne: kumburin ciki da iska bayan cin abinci, rashin sha'awar abinci na ɗan lokaci, da ƙara yawan fitsari. Shi ma ta ce ta amince ne bisa daɗewar da mutane sukayi suna amfani da shi, ba bisa manyan gwaje-gwaje ba. A Jamus ƙa'idar da suka sa giram 3 zuwa 4 ne a kofi ɗaya na ruwa. In lafiyarki lau, ba ciki ba shayarwa ba magungunan da kike sha kullum, ki shanye kwalinki kar kuɗin ya tafi a banza, na biyu ne dai ban ga dalilin siya ba. In kin taɓa jin latas ko wata ciyawa irin tasu ta sa miki ƙaiƙayi ko ƙuraje, to ki barshi.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a, Tudun Wada:
Malama barka da aiki. Ni ɗalibin bayokemistiri ne ajin ƙarshe, firojet ɗina akan antioksidan na tsirrai ne kuma na karanta takardu da yawa da suka nuna ruwan saiwar dandeliyon yana da ƙarfi a gwajin DPPH, nima nayi da hannuna na gani. Toh meyasa ku ma'aikatan lafiya kuke raina abun? Ba hujja bace wannan?

Amsa:
Ɗana Allah ya bada sa'a, kuma ba raini bane. Hujja ce, amma hujjar me? Bari in kwatanta wa sauran masu karatu abinda kayi. DPPH wani gari ne da in an narka shi a metanol yake bada ruwa shunayya mai duhu, sai ka jera 'yan kwalaben gwaji ka ɗiga ruwan saiwar a ciki, wannan kaɗan wancan da ɗan yawa, ka tura su cikin durowa ka rufe saboda haske na ɓata aikin, bayan kamar rabin awa ka fito dasu sai kaga shunayyar ta kwanta ta koma rawaya fayau, ka sa a na'ura ta auna ƙarfin launin ka zana giraf ka gwada da na bitamin C. Yana da daɗin gani wallahi, duk wanda ya taɓa yi ya san farin cikin da ake ji in launin ya juya. Amma ka ɗiga ruwan zoɓo ko shayin mai shayi ko ruwan ɓawon albasa ma zai juya, kusan duk ganyen da ka tsinko a bakin Kogin Kaduna zai yi wani abu a kwalbar nan, shi yasa firojet irin naka baya faɗuwa.

Abinda kwalba bata dashi shine ciki da hanji da hanta. Ɗauki kilorojenik, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ƙaramin hanji ke tsotsa, sauran ya gangara babban hanji ƙwayoyin bakteriya su farfasa shi ya zama wasu abubuwa daban, wanda ya shiga jinin ma hanta na maza ta liƙa masa wani abu dan a fitar dashi a fitsari, cikin 'yan awanni ya tafi. Abinda ke yawo a jini ɗan mitsitsi ne in ka gwada da wanda ka zuba a kwalba, kuma ba siffarsa ɗaya da wanda ka zuba ba. Shi yasa masu bincike da yawa yanzu suka fi karkata ga cewa in folifenol na da amfani to ta hanyar zungurar jiki ne ya ƙara ƙera nasa garkuwar, ba wai shi da kansa yake bin firi radikal yana kamawa ba.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa dogon jadawali na ƙarfin antioksidan ɗin abinci, ORAC ake ce masa, kamfanoni suka dinga ɗauka suna mannawa a kwalayensu. A 2012 da kanta ta sauke shi daga shafinta, ta ce lambobin basa nuna abinda ke faruwa a jikin mutum kuma ana amfani dasu wajen talla ta hanyar da bata dace ba.

Ga wanda ya fi tayar da hankali. An lura masu cin kayan lambu da yawa basu cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka ce ai beta karotin ne, sinadarin nan da ke sa karas da manja launi, bari a zuba shi a kafso a bawa mutane. A Finlan aka gwada da maza masu shan sigari kimanin 29,000, sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha kafson kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Ƙaruwa fa, ba raguwa ba. A Amurka wani gwajin mai mutum kimanin 18,000 dole aka tsayar dashi a 1996 kafin lokacinsa, ƙarin ya kai kashi 28. Bitamin E ma da aka gwada a maza kimanin 35,000, rahoton 2011 ya nuna ƙarin kansar furostet da kashi 17. Duk waɗannan fa a kwalba zakaru ne. Ban ce dandeliyon zata yi haka ba, kofin shayi ba kafso mai ƙarfi bane, ina dai nuna maka tazarar da ke tsakanin benci da gadon asibiti. A babi na biyar ka rubuta abinda ka gani tsakani da Allah, cewa ruwan ya nuna ƙarfi a kwalba kuma ana buƙatar gwajin dabba da na mutum, ka cire layin nan da ɗalibai ke son sawa na wai ana iya amfani dashi wajen magance cututtuka, in mai duba aikinka mai ido ne nan zai fara kama ka.

Tambaya daga wani bawan Allah, Rigasa:
Malama dan girman Allah ki amsa min. Mahaifiyata ce ke da kansar mama an fara mata kemo tana shan wahala, amai da zubewar gashi ga kuɗi mun saida abinda muke dashi. Sai aka turo min saƙo a WhatsApp wai masana a Kanada sun gano saiwar dandeliyon na kashe kashi 98 na kansa cikin awa 48 kuma tafi kemo. 'Yan uwa sunce mu tsayar da asibitin mu koma kanta. Me kika gani?

Amsa:
Allah ya bawa Mama lafiya yasa kaffara ne, kai kuma Allah ya saka maka da ɗawainiyar da kake. Kar ku tsayar. Da wannan na fara saboda kar ka karanta rabi ka tashi.

Saƙon nan ya daɗe yana zagaya duniya kuma yana da tushe, shi yasa yake ruɗar mutane. Da gaske ne a Jami'ar Windsor ta Kanada Farfesa Siyaram Pandey da ɗalibansa sunyi shekaru suna aiki kan ruwan saiwar nan, sun zuba shi a kan ƙwayoyin kansar jini da ta fata da ta hanji da aka raina a faranti a ɗakin gwaji. A takardarsu ta 2016 sun ce sama da kashi 95 na ƙwayoyin kansar babban hanji sun mutu cikin awa 48, a ɓeraye ma ƙarin ciwon ya rage saurin girma sosai. Kaga inda awa 48 ɗin ta samo asali, a faranti ne, inda ƙwayoyin ke kwance tsamo-tsamo cikin ruwan maganin ba hanji ba hanta a tsakani. Abubuwa barjat suna kashe kansa a faranti, kaɗan ne ƙwarai ke tsallakewa su zama magani. Hukumar lafiya ta Kanada ta bada izinin matakin farko na gwaji a jikin mutane tun 2012, na masu kansar jini, shi matakin farko ma aikinsa gano adadin da jiki zai iya ɗauka ne, kuma har yau babu sakamakon da aka wallafa da ya nuna ta warkar da kansa a jikin mutum, balle ace tafi kemo.

Kansar mama kuwa tana cikin waɗanda maganin asibiti ke yiwa aiki, in an bi zagayen allurar har ƙarshe. Wanda ya katse a tsakiya ya tafi wata uku ya dawo, sau da yawa ciwon ya riga ya wuce inda aka barshi, kuɗin da aka kashe a baya ma ya tafi. Na san 'yan uwa tausayi ne yasa suke faɗa, ganin uwa tana amai ba sauƙi, amma aman yana da magani, ku gaya wa likitan ƙarara cewa wanda aka bata baya riƙe ta a canza mata. Maganar kuɗi ma ku faɗa, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, kar kunya ta hana.

Ko a matsayin ƙari ma kar ku bata shayin nan ko wani kafson antioksidan sai likitanta ya sani. Gashin da ake yiwa masu kansa da na'ura da wasu alluran kemo da firi radikal ɗin nan suke kashe ciwon, kaga ba lokacin da za'a cika jiki da abin tare su bane, ga hanta da ƙoda suna fama da nasu nauyin.

Tambaya daga wani dattijo ɗan fansho, Kawo:
Malama ina gaisuwa. Ina da hawan jini da suga shekara da shekaru, ina shan lisinofril da metfomin. Wani abokina a masallaci yace saiwar nan tana ɗauke da insulin na Allah da Annabi, in na dage da ita zan ajiye ƙwayoyi. Likita kuma ya taɓa ce min ƙodata ta fara rauni.

Amsa:
Baba ina amsawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abokinka inulin ya ji, ba insulin ba. Insulin jiki ke yinsa kuma in an sha shi ta baki ciki narkar dashi yake, shi yasa ake yinsa da allura. Inulin kuwa zaren abinci ne da cikinmu baya iya narkarwa, yana wucewa babban hanji ya zama abincin bakteriya masu amfani, abu ne mai kyau amma albasa da tafarnuwa ma suna da irinsa, kuma in yayi yawa iska da kumburin ciki yake sawa, a sahun sallah kuwa ba sai na ƙarasa ba. Maganar saukar da suga, a ɓeraye aka fi ganinta, ba'a kai inda za'a ce wa mutum ya ajiye metfomin ba.

Kai dai Baba kana cikin mutanen da zan ce su bar ta kwata-kwata. Tsiron nan, musamman ganyensa, yana da fotasiyam da yawa kuma shayin da ake saidawa sau tari haɗe yake saiwa da ganye. Lisinofril da kake sha yana sa jiki riƙe fotasiyam, ƙodar da tayi rauni kuma bata iya zubar dashi yadda ya kamata, in ya taru a jini bugun zuciya yake rikitawa, kuma baya sallama, mutum na iya jin kasala kawai. Hukumar Turai ɗin da na ambata a sama ta rubuta a fili cewa mai ciwon ƙoda da mai suga da mai raunin zuciya su guje ta saboda wannan dalilin. Haka mai shan sifironolakton mai sa fitsari, ko litiyam na masu larurar ƙwaƙwalwa, ko wafarin mai tsinka jini, duk sai da sanin likita. Kai har sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da mutane ke siya a kemis kamar gyaɗa, wani gwaji a ɓeraye da 'yar uwar dandeliyon ta ƙasar Sin ya nuna tana rage yadda jiki ke tsotsar sa.

Tunda muna nan bari in haɗa da masu tambayar ciwon hanta, kun kai mutum nawa. Gaskiya ne an bawa ɓeraye giya ko guba sannan aka basu ruwan saiwar hantarsu ta ɗan samu sauƙi, daga nan tallar wankin hanta ta fito. Amma ga ɗan Adam takardar hukumar cewa tayi mai ciwon hanta, da mai tsakuwa a matsarmama ko toshewar hanyarta, da mai olsa da ke kan ganiyarta kar su sha, domin tana motsa ruwan matsarmama da na ciki. Mai hefataitis B gwajin jini yake buƙata lokaci-lokaci, in likita yaga ya dace ya ɗora shi kan tenofobir.

Baba in zaka koma asibiti ka roƙi a duba maka fotasiyam tare da gwajin ƙodar, abokin naka kuma in shima yana shan ƙwayoyi a nuna masa shafin nan.

Tambaya daga wata matar aure, Kakuri:
Anti naga wani ganye wajen Yarbawa masu kayan miya sunce shine dandeliyon, yanrin suke ce masa. Shine ko?

Amsa:
Ba shi bane ƙanwata, amma 'yan gida ɗaya ne. Yanrin sunansa Launaea taraxacifolia, ganyensa ya ɗauko kama da na dandeliyon, yana da farin ruwa da ɗan ɗaci, shi yasa a kudu da Gana ake kiransa da sunan. Na nan yankin ne, ganyen miya ne mai kyau, ki siya ki wanke sosai ki dafa. Sai dai binciken da aka yi a kan ta Turai ba za'a ɗora masa ba, nasa ma ba za'a ɗora mata ba. Dangin nada yawa fa, akwai wata ta Kazakistan da Tarayyar Sobiyet ta noma lokacin yaƙin duniya na biyu dan tatsar roba daga saiwarta, har yanzu kamfanin taya na Continental na aiki da ita.

Tambaya daga wata amarya, Barnawa:
Malama wai yana rage ƙiba? Na sha kwana uku naga sikeli ya ɗan sauka. Kuma ina zargin ina da shigar ciki.

Amsa:
Amarya ajiye kofin nan tukun ki je kiyi gwaji. Ba'a tantance lafiyarsa ga mai ciki ko mai shayarwa ba, haka yara 'yan ƙasa da shekara 12, dan haka ba'a basu. Sikelin kuma ruwa ne ya fita ba kitse ba, kisha ruwa kofi biyu ya dawo. Ko maganar fitsarin ma ɗan gwajin da aka fi ambata na 2009 mutum 17 ne kacal, na yini ɗaya, kuma da ganye akayi.

Tambaya daga wani mai shagon kayan masarufi, Badarawa:
Malama ni so nake in fara saidawa dan ana nema. Wanda aka kawo min akwai lambar NAFDAC a jiki, kenan ya inganta ko? Kuma in mutum bashi da kuɗinsa me zai sha a madadi?

Amsa:
Alhaji Allah ya bada kasuwa. Duba lambar da kyau, in ta ƙare da harafin L to rajistar wucin gadi ce da ake yiwa maganin gargajiya, ma'anarta an duba ba'a ga abin cutarwa a samfurin da aka kai ba, ba wai an tabbatar yana maganin abinda aka lissafa ba, shi yasa zaka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar bata tantance iƙirarin ba. Ka duba lambar a kundin NAFDAC na intanet tunda buga lamba a kwali ba wuya. Ka duba akwai cikakken sunan tsiron, da ko saiwa ce zalla ko haɗi, da ranar lalacewa. Garin da aka ƙulla a farar leda ba suna ba komai kar ka karɓa, saiwa tana kwasar duk abinda ke ƙasar da ta fito, har dalma da maganin feshi, gari kuma ba mai iya gane me aka niƙa. In ka saida ka saida shi a matsayin shayi, kar ka ce wa kowa yana maganin kansa ko suga, hakkin rai ne, kuma in dattijo yazo siya ka tambaye shi ko yana shan maganin hawan jini.

Madadi kuwa ka shiga Kasuwar Bakin Dogo da safe ka duba hagu da dama. Jan zoɓo antosayanin ne, antioksidan ne shima, kuma shi an ma gwada shi a jikin mutane, a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010 mutum 65 suka shiga gwajin, masu shan kofi uku a rana na sati shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Ga zogale da rama da alayyahu da shuwaka, ga gwaiba da garin ƙwalba na kuka masu bitamin C, ga tumatir da jar albasa da jar dawa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma wannan shawarar tana da hujja mai nauyi a bayanta, ba kamar kafso ba. Zoɓon dai a rage masa suga, irin wanda ake ƙullawa a gora ana zuba masa gwangwani guda ba shi aka gwada ba, wanda ke shan maganin hawan jini kuma ya gaya wa likitansa in zai maida shi na kullum dan kar jinin ya sauka fiye da kima.